Ɗan Masunci Mai Jifa Ɗaya: Saƙo Ga Masu Cin Guminsu

Ya ku masu fita tun da asuba, masu dawowa gida da ƙurar aiki a jiki, bakanike da tela, birkila da manomi, mai tuya a bakin titi, ma'aikaciyar jinya mai kwana a tsaye, da kai yaron shago da har yanzu maigida bai yaye ka ba: ku ba ni aron kunnuwanku. Ina ɗauke da labarin wani saurayi ɗan masunci daga ƙasar Panama, sunansa Mariano Rivera. Sai da ya kusa cika shekara 20 kafin ya fara aikin da duniya ta san shi da shi. An duba shi an ce bai isa ba. An ɗauke shi da kuɗi kaɗan. An yi masa tiyata a gwiwar hannu. An gwada shi a babban fage ya faɗi, aka mayar da shi baya. Daga ƙarshe ya ajiye aiki a matsayin wanda ba a taɓa yin kamarsa ba a fanninsa. Abin da ya kai shi can yana hannun kowannenku: aiki ɗaya, a yi shi daidai, a yi ta maimaita shi har ya bi jiki.

Wasan besbol, wanda shi ne fagen Rivera, ya yi ƙarfi a Amurka, Japan, Kuba, Benezuwela, Jamhuriyar Dominika da Panama. Zuciyar wasan karo ne tsakanin mutum biyu. Mai jifa yana tsayawa a kan wani ɗan tudu, mai riƙe da kulki yana gabansa a tazarar mita 18 da 'yan kai. Dole ƙwallon ta bi ta saman wani faranti mai faɗin santimita 43, tsakanin gwiwa da ƙirjin mai kulki. In mai kulki ya kuskure sau uku, ya fita. In mai jifa ya kauce wa wurin sau huɗu, mai kulki ya wuce zuwa tasha ta farko kyauta. Mutum uku suka fita, mai jifa ya gama juyi ɗaya, wasa kuma juyi tara ne ga kowace ƙungiya. Ke nan ƙarfin hannu shi kaɗai ba ya wadatar da mai jifa. Sai ya iya saka ƙwallo a inda ya nufa, sau ɗari, ko da filin ya cika da ihu.

An haifi Rivera ranar 29 ga Nuwamba, 1969, ya tashi a Puerto Caimito, wani ƙauyen masunta a gaɓar tekun Fasifik, yamma da birnin Panama. Yaran ƙauyen ba su da filin wasa, sai su jira ruwa ya janye su bazu a kan rairayi. Ba su da ƙwallo, sai su tsinto tsohuwar ragar kamun kifi da ta yayyage, su dunƙule ta, su yi ta naɗe ta da tef har ta yi tauri ta cika tafin hannu. Safar cafke ƙwallo kuwa da kwalin madara suke yin ta, a yanka, a lanƙwasa, a zura hannu. Reshen itace shi ne kulki. Sai da Rivera ya kai shekara 12 mahaifinsa ya saya masa safar fata ta gaske. Ku lura da wannan, ku da kuke jiran a kawo muku injin zamani kafin ku fara. Ƙwallon raga ba ta da santsi, ba ta da daidaiton nauyi, amma hannun da ya koyi saita ta ya riga ya wuce jarrabawa mai wuya. Kayan aikin da ke gabanka yau su ne makarantarka.

A lokacin ma ƙwallon ƙafa ce ke ransa, Pele ne gwaninsa, besbol kuwa abin nishaɗi ne kawai. Yawan rauni a idon sawu ya raba shi da ƙwallon ƙafa. Ya bar makaranta bai gama sakandare ba, yana ɗan shekara 16 ya shiga jirgin kamun kifin da mahaifinsa ke jagoranta. Kwana shida a mako suna kan teku suna jan raga cike da kifin sadin. Aiki ne mai cin jiki, mai kuma haɗari. A 1988 wata igiya ta kuɓuce daga injin jan raga ta zabgi wani kawunsa da suke aiki tare, bayan kamar wata ɗaya ya rasu. Yana ɗan shekara 19 kuma, jirginsu ya fara shan ruwa yana nitsewa, dole suka bar shi suka tsira da rayukansu. Babban burinsa a wancan lokacin shi ne ya zama bakanike. Shekara uku ya yi a wannan jirgin, kuma kada wanda ya ce sun tafi a banza. Wanda ya saba tashi cikin duhu, ya ja raga har tafin hannunsa ya yi kanta, ya ga mutuwa ido da ido, ihun 'yan kallo ba zai kaɗa masa hanta ba. Kai ma wahalar da kake sha a aikin da ba shi ne burinka ba tana gina maka abin da za ka buƙata gobe.

Yana wannan aikin yana buga wa wata ƙungiyar sa-kai mai suna Panamá Oeste wasa, a matsayin mai tsaron fili tsakanin tasha ta biyu da ta uku. A 1988 wani mai farautar haziƙan 'yan wasa, Herb Raybourn, ya kalle shi a wata gasa, ya yanke cewa ba zai kai babban mataki a wannan gurbin ba, ya wuce abinsa. Shekara na zagayowa, a wani wasa mai muhimmanci, mai jifan ƙungiyar ya rikice ana ta lallasa su. Aka waiwaya aka ce wa Rivera ya hau tudu. Ba gurbinsa ba ne, bai kuma goge a kansa ba. Da ya ga dama sai ya ce a nemi wani. Amma ya karɓi ƙwallo ya hau, ya yi jifan da ya ba kowa mamaki.

Abin da ya biyo baya ya cancanci a tsaya a kansa. Rivera bai je ya ƙwanƙwasa ƙofar kowa ba. Abokan wasansa biyu ne suka nemi Chico Heron, wakilin ƙungiyar New York Yankees a Panama, suka ce masa ga wani yaro ya kamata ya gani. Waɗanda ke aiki kafaɗa da kafaɗa da kai su ne shaidunka na farko. Sun fi kowa sanin ko kana ha'inci, ko kana zuwa a kan lokaci, ko aikinka yana da tsabta. Ranar da dama za ta zo, bakinsu ne zai kai sunanka inda ƙafarka ba ta taɓa takawa ba. Kai kuma in ka ga baiwa a jikin ɗan'uwanka, kada hassada ta ɗaure maka harshe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Raybourn, wanda a lokacin ya zama shugaban masu farautar 'yan wasa na Yankees a yankin Latin Amurka, ya zo ya tarar da yaron da ya ƙi a baya. Siriri ne, nauyinsa bai wuce kilo 70 ba. Gudun jifansa tsakanin kilomita 137 ne zuwa 140 a awa, wanda a ma'aunin manya bai taka kara ya karya ba. Amma jifa tara kawai Raybourn ya kalla ya gamsu. Ya ga hannu yana tafiya sumul babu tilas, jiki yana maimaita motsi ɗaya babu canji, ƙwallo tana sauka inda aka aike ta, kamar ɗinkin gwanin tela da ba ya barin layi. Ya yi lissafin cewa in yaron ya samu abinci da horo, gudu zai zo daga baya, amma irin wannan saitin da wuya a cusa wa wanda ba shi da shi. Ranar 17 ga Fabrairu, 1990, Rivera ya sa hannu a kwantiragi a kan kuɗin da bai kai dala 4,000 ba.

Ku ajiye wannan adadin kusa da wani. A 1991 ita dai wannan ƙungiyar ta ɗauki Brien Taylor, ɗan sakandare daga jihar North Carolina, shi ma ɗan talakawa, a kan dala miliyan 1.55. Jifansa kamar walƙiya yake a idon masana, kowa ya ɗauka shi ne tauraron gobe. A 1992 shi da Rivera suna ƙaramar ƙungiya ɗaya a Fort Lauderdale, duk 'yan jarida Taylor suke zuwa gani. A Disamban 1993 ya shiga wani faɗa don kare ɗan'uwansa, ya ji mummunan rauni a kafaɗar da yake jifa da ita, bai taɓa kai wa babbar gasa ba. Abin tausayi ne, kuma akwai darasi biyu a ciki. Na farko, kuɗin da aka yanka maka ranar da ka fara aiki ba shi ne darajarka ba. Na biyu, jikinka shi ne jarinka. Minti ɗaya na fushi yana iya cinye shekara goma na wahala. Ka tsare hannunka, ka tsare idonka, ka tsare lafiyarka.

Rivera ya sauka a Florida bai taɓa barin ƙasarsa ba, ba ya jin Turanci. A shekararsa ta farko ya yi jifa a juyi 52, maki ɗaya tak aka ci da alhakinsa, a ranar ƙarshe ta kakar kuma ya yi juyi bakwai babu wanda ya samu bugu mai kyau ko ɗaya a kansa. A 1991 aka tura shi Greensboro, inda masu jin Sifaniyanci ba su da yawa. Kaɗaici ya dame shi har yakan yi kuka da dare. Sai ya roƙi wani abokin wasansa, Tim Cooper, ya riƙa koya masa Turanci a doguwar tafiyar da suke yi a mota tsakanin garuruwa. Bai ji kunyar ya zama ɗalibi ba. A wannan shekarar alƙaluma sun nuna ya yi nasara sau 4, an doke shi sau 9. Mai kallon sama-sama zai ce yaron ya gaza. Masana kuwa suka duba wani wuri: ya fitar da masu kulki 123 da jifansa, mutum 36 kacal ya bari suka wuce kyauta. Nasara da faɗuwa na ƙungiya ne baki ɗaya, amma wannan lissafin nasa ne shi kaɗai. Haka wata shekarar take zuwa muku: kun yi aiki mai kyau, kasuwa ta ƙi, damina ta yi gardama, mai kwangila ya riƙe kuɗi. Kada ku auna ingancin aikinku da cinikin wata ɗaya. Akwai masu ido da ke kallon abin da ya fi ciniki.

A 1992 ya so ya ƙara wa wani salon jifansa lanƙwasa, sai ya riƙa murɗa wuyan hannu da ƙarfi lokacin sakin ƙwallo. Wannan ya lalata masa jijiyar gwiwar hannu. Ranar 27 ga Agusta, Dokta Frank Jobe, likitan da ya ƙirƙiro tiyatar dashen wannan jijiyar a 1974, ya yi masa aiki. Allah Ya taimaka ba sai an sauya jijiyar ba. A ƙarshen shekarar aka ba wasu sababbin ƙungiyoyi biyu damar tsintar 'yan wasa daga tsofaffin. Yankees ba su sa sunansa cikin waɗanda suka killace ba, su kuma sababbin ba su ɗauke shi ba. Ku dubi wannan hali: yana kwance da hannu a ɗaure, gidansu ba su riƙe shi ba, na waje ba su so shi ba. Ya koma ya fara daga tushe, jifa kaɗan-kaɗan ana ƙirga masa, bai yi wa kansa gaggawa ba. Irin wannan raunin ne ya sa a yau ake ƙayyade yawan jifan da yaro zai yi a wasa da kwanakin hutun da zai samu, gasar yara ta Little League ma ta mayar da shi doka tun 2007. Iyayen gida masu yara a ƙarƙashinku, ku ji wannan da kyau: kada ku ɗora wa ɗan koyo nauyin da ƙashinsa bai kai ba. A 1994 Rivera ya ratsa matakai uku a kaka ɗaya, daga Tampa zuwa Albany zuwa Columbus. Sannu ba ta hana zuwa.

Ranar 23 ga Mayu, 1995, yana da shekara 25, ya fara wasa a babbar gasa, aka haɗa shi da California Angels. Bai kammala juyi huɗu ba aka ci maki biyar a kansa, aka tashi 10 da nema. Cikin watan Yuni aka mayar da shi Columbus. Har an fara cinikin musayar shi da wani gogaggen mai jifa na Detroit, David Wells. Ya ɗan huta saboda ciwon kafaɗa, ya dawo ya yi wasa, sai na'urar auna gudu ta nuna kilomita 153 zuwa 154 a awa, ƙarin kusan kilomita 10 a kan yadda aka san shi. Da rahoton ya iso wurin manajan ƙungiyar, Gene Michael, sai da ya sa aka tabbatar masa, sannan ya soke cinikin. Ranar 4 ga Yuli aka dawo da shi, ya yi juyi takwas da Chicago White Sox ba a ci ko maki ɗaya ba, ya fitar da mutum 11. Gudun da Raybourn ya hango shekara biyar baya ya iso, ya tarar da saiti yana jiransa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Duk da haka ba a bar shi a matsayin mai buɗe wasa ba, wanda shi ne gurbin da masu jifa suka fi ɗauka da daraja. Aka mayar da shi cikin masu jiran a kira su a ƙarshen wasa. Wani zai ɗauki wannan a matsayin rage girma ya yi fushi. Shi ya rungumi aikin. A 1996 ya fitar da mutum 130, ƙungiyar ta ɗauki kofin World Series. A 1997 aka ba shi aikin rufe wasa, wato shi ne zai shigo a juyi na tara ya tsare nasarar da 'yan'uwansa suka sha wuya a kai. Cikin dama shida na farko ya ɓarar da uku. Koci Joe Torre ya kwantar masa da hankali, ya ce aikin nasa ne.

A wannan shekarar ce, wata rana yana jefe-jefen ɗumama hannu da ɗan ƙasarsu Ramiro Mendoza, ƙwallon ta fara yin wani abu. Takan taho a miƙe, sai daf da isowa ta zille gefe. Shi da mai horar da masu jifa, Mel Stottlemyre, suka shafe makonni suna ƙoƙarin miƙar da ita, ta ƙi. Suka haƙura, ya koma koyon sarrafa ta. Yatsu biyu a saman ƙwallo, an ɗan gusar da su gefe, na tsakiya yana ɗan dannawa. Mai kulki bahago yakan ga ƙwallo ta nufo tsakiyar kulkinsa, ya kai duka da dukkan ƙarfinsa, sai ta shige ciki ta bugi siririn wuyan kulkin kusa da hannunsa, itace ya tarwatse. A gasar World Series ta 1999 ya karya wa wani mai kulki, Ryan Klesko, kulki uku a tsayuwa ɗaya. Rivera ya sha faɗa cewa wannan jifan kyauta ce daga Allah, kuma gaskiya ya faɗa. Amma kyautar ta sauka ne a hannun da ya yi shekara bakwai yana maimaita motsi ɗaya. Allah ke ba da baiwa, bawa kuma shi ke ban-ruwa.

Sauran masu jifa sukan tara salo huɗu ko biyar don ruɗa abokin karawa. Shi da kusan salo ɗaya ya rayu. Duk wanda ya tsaya gabansa ya san abin da ke tafe, sanin bai hana shi faɗuwa ba. Bai kuma ɓoye sirrinsa ba. A 2008 ya nuna wa Roy Halladay, wanda ke buga wa ƙungiyar hamayya, yadda ake riƙon, har aka zana wurin yatsun a jikin ƙwallo. Ya san riƙo ana koya shi cikin minti biyar, ƙwarewa kuwa sai an biya ta da shekaru. Maigida, ka koya wa yaronka duk abin da ka sani. Gwanin gaske ba ya tsoron almajirinsa.

Kada ku ɗauka daga nan hanya ta miƙe. A 1997 Sandy Alomar na Cleveland ya buga masa ƙwallon da ta taimaka wajen fitar da Yankees daga gasa. Ranar 4 ga Nuwamba, 2001, a wasa na bakwai na World Series da Arizona, kofi yana hannunsu a juyi na tara, ya suɓuce ta hannunsa, duniya tana kallo. Ya tsaya gaban 'yan jarida ya amsa tambayoyinsu, bai ɗora wa kowa laifi ba, kaka ta zagayo ya koma kan tudu. A watan Mayun 2012, yana da shekara 42, jijiyar gwiwar ƙafarsa ta tsinke yana atisaye a Kansas City. Mutane suka ce shi ke nan. Ya yi jinya, ya dawo a 2013, ya tsare nasara 44 kafin ya yi ritaya da ƙafarsa.

Kaka 19 ya yi a ƙungiya ɗaya. Ya tsare nasara 652, adadin da babu wanda ya kai. Ya ɗauki kofin World Series sau biyar. A 2019 'yan jarida 425 suka kaɗa ƙuri'ar shigar da gwaraza zauren tunawa da ke Cooperstown, dukkansu suka rubuta sunansa. Tun da aka fara wannan zaɓen a 1936 ba a taɓa samun wanda ya haɗa kan kowa da kowa ba sai shi.

To ya ku 'yan'uwa masu cin guminku, ba kowa ne zai yi suna a duniya ba, ba kuma shi ne abin nema ba. Abin nema shi ne a ce in ana son aikin da ba a komawa gyara, wurinka za a zo. Ka zaɓi abu ɗaya a sana'arka ka ce wannan sai na fi kowa iya shi a garin nan. In walda ce, haɗinka kada ya ɓalle. In gini ne, katangarka ta tsaya cak. In girki ne, ɗanɗanon yau ya zama na gobe. In an kira ka aikin da ba ka saba ba, ka amsa. In an mayar da kai baya, ka koma ka gyara. In ba ka sani ba, ka tambaya, ko da wanda ka girma ne. Ka kula da jikinka, ka ɗaga na ƙasa da kai, ka roƙi Allah albarka sannan ka naɗe hannun riga. An raina ka? An raina wanda ya fi ka. An biya ka kaɗan? Ba a gama lissafi ba tukuna. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Gobe da safe ka buɗe shagonka da ƙarfin zuciya, ka ɗauki aikin farko da ya shigo, ka yi shi yadda ba wanda zai iya kushe shi, sannan ka ɗauki na biyu ka yi masa haka. Ku tashi, aiki na jiran gwanayensa!